Rigar Baban Chidi da Idon Malam Sha'aban

Shagon Malam Sha'aban tela yana wani lungu a bayan kasuwar Azare, tsakanin mai gyaran fanka da wata mata mai sayar da manja. Babu allo a ƙofar, babu suna. Akwai dai benci guda a gefe, an tallafe ƙafarsa ɗaya da bulo, kuma a kan bencin nan na yi zaman hira shekara goma sha ɗaya, tun da na ajiye aikin malamin gona. Don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Wanda ba a gabana aka yi ba, matarsa Hauwa ce ta gaya wa tawa matar, ya iso gare ni.

Mutumin Gololo ne. Ya shigo Azare yana saurayi da niyyar ya koyi ɗinki shekara biyu ya koma gona, sai ga shi ya shekara arba'in da biyar a kan keke. Gajere ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Kullum akwai guntun alli a bayan kunnensa, har masallaci yakan manta ya tafi da shi.

Duk wanda ya karɓi ɗinki a wurinsa, in ya sa hannu a aljihun rigar zai tarar da ragowar yadinsa a ninke, ko da ƙyallen bai kai tafin hannu ba. Mutane sukan yi masa tsiya a kan haka.

"Malam Sha'aban, wannan kuma me zan yi da shi? Ko hular ɗan tsako ba zai isa ba."

"Naka ne," in ji shi, ya ci gaba da abin da yake yi.

In azumi ya kai goma, sai ya daina karɓar ɗinkin Sallah. Na sha ganin manyan mutane sun zo da yadi a leda, sun yi roƙo, sun yi fushi, sun tuna masa abotar iyaye. Shi dai yakan ƙirga kwanaki a yatsunsa, ya ce, "Ba zan iya ba kafin Sallah, Alhaji." Su tafi wurin wanda ya ce zai iya. Bayan Sallah da mako guda sai ka ga wasunsu sun dawo da yadin nan a ledarsa, ko almakashi bai taɓa shi ba, suna gaisuwa kamar ba a yi komai ba.

'Ya'yansa uku. Hauwa takan ce ita ce mai faɗa a gidan, shi kuwa ba ta taɓa jin ya zaunar da yaro ya ce masa yi kaza, bar kaza ba. Ta ba da labarin babbar 'yarsu, Jannatu, lokacin tana 'yar shekara shida. Yarinyar ta leƙa shago wata rana, ta ga ƙyallen atamfa mai furen zinariya a gefen tebur, ta sa shi a cikin zaninta, ta je gida ta ɗaura wa 'yar tsanarta. Da Hauwa ta gane daga inda ya fito, har ta ɗauko tsumagiya. Ya ce ta bari. Bayan la'asar ya ɗora yarinyar a bayan kekensa, 'yar tsanar na hannunta, suka tafi har gidan Hajiyar da ke da atamfar. Ya yi sallama, ya tsuguna a zaure, ya ce, "Hajiya, ragowar atamfarki ta ragu. Yarinyar nan ce ta gani tana so, shi ne muka zo roƙo." 'Yar fari ce, ba ya kiran sunanta. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta bar mata, ta ƙara mata da wani. A hanyar dawowa ya saya mata rake, bai ce mata uffan ba. Yanzu Jannatu malamar makaranta ce a Dambam. An ce in ta ari biro a ofis, sai ta bi mai shi har aji ta mayar masa.

Namijin shi ne Abdulsamad. Ya yi karatu, ya nemi aiki bai samu ba, ya dawo shagon mahaifinsa da keken surfani na zamani, ya zama shi ke yin aikin wuya da na aljihu. Ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu. Yadda suka raba aiki shi ne, uban ya auna ya yanka, ɗan ya haɗa ya yi surfani. A shagon tela kuwa, mai yanka shi ne mai shago. Mutane ba don kyan zare suke zuwa lungun nan ba, don yankan Malam Sha'aban suke zuwa, saboda rigar da ya yanka takan zauna a kafaɗa ba ta zamewa. Teburin yankan yana bakin taga, ya yi santsi saboda shafar hannu, kuma babu wanda ke ɗora almakashi a kansa sai shi.

Wajen shekara biyu da suka wuce na fara lura da wasu abubuwa. In mutum ya yi sallama, sai ya jira ya ƙara magana kafin ya kira sunansa. Ya fara kai tef kusa da hancinsa. Ya sayi tabarau a kasuwa, ya sake wani, ya ajiye su duka. Ni ban ce komai ba. Abdulsamad ma bai ce ba, sai dai ya fara riga mahaifinsa zuwa shago da safe. Ranar da na yi sammako nakan tarar da shi da reza a hannu yana farke wani abu, yana gyara, in ya gan ni ya tura shi ƙarƙashin wasu kaya ya gaishe ni. Na san abin da yake tsoro. Ranar da gari ya ji idon Malam Sha'aban ya yi rauni, ranar yadi zai daina zuwa teburin nan. Kuma duk mun ga yadda dattawa ke zama idan aka raba su da aikin hannunsu, aka bar su da tabarma a zaure.

Ana nan sai maganar Baban Chidi ta taso.

Sunansa Nnanna, ɗan kabilar Ibo, mai sayar da ƙusa da fenti da kwanon rufi a layin 'yan kayan gini. Shekara talatin da takwas ya yi a Azare, a nan aka haifi ɗansa Chidiebere, shi ya sa kowa ke ce masa Baban Chidi. Hausa a bakinsa ta fi ta wasunmu daɗi, har Fulatanci yakan taɓa in masu shanu sun zo sayen kwano. Da tsufa ya zo, ya yanke shawarar barin shago a hannun ɗansa ya koma garinsu. 'Yan layinsu, Hausawa da Yarabawa da 'yan uwansa Ibo, suka haɗu suka saya masa farar shadda mai kyau, suka ce sai ya koma gida da babbar riga irin ta mutanen Katagum. Aka sa walimar bankwana ranar Asabar, zai hau mota Lahadi. Shi da kansa ya kawo shaddar, ya ce babu wanda zai taɓa ta sai Malam Tela, sunan da yake kiran Malam Sha'aban ke nan.

Ranar Talata da yamma Malam Sha'aban ya yanka. Ranar Laraba da hantsi Abdulsamad ya ɗauko ta zai zana aikin aljihu. Ina zaune na ga ya fito da ita bakin ƙofa, ya karkata ta ga rana, ya koma. Jim kaɗan ya sake fitowa, ya juya ta, ya daɗe yana kallo. Da ya koma ciki, sai ya ɗauki fensir zai fara zane.

"Abdul."

"Na'am, Baba."

"Sau biyu ke nan kana fita da rigar nan. Me ke jikinta?"

"Ba komai, Baba. Haske nake nema."

"An kawo wuta tun ɗazu. Ga fanka nan ina ji."

Malam Sha'aban ya juyo wajen da nake, ya ce, "Malam Bappayo, kai duba mini."

Na ce masa ni gero da dawa na sani, ban san shadda ba. Ba ƙarya na yi ba, amma ba don haka na faɗa ba.

Abdulsamad ya ajiye fensir. Ya ce a hankali, "Baba, ta baya aka yanka wuyan."

Ga wanda bai sani ba, shadda tana da fuska tana da baya. In ta yi kyau, bambancin kaɗan ne: a fuskar furannin ne ke ƙyalli, a bayan kuwa filin yadin ne ke ƙyalli, furannin su dusashe. Wuyan babbar riga kuma ba a tsakiya ake yanka shi daidai ba, karkata shi ake yi a bar gefen hagu don babban aljihu. Tunda an yanka ta baya, abu biyu ya rage. Ko a bar bayan yadin a waje, aljihu ya zauna a hagu yadda aka saba, ko a juyo fuskar waje, aljihu ya koma dama, inda ko yaro ya gani zai san an yi kuskure.

Malam Sha'aban ya miƙa hannu, aka ba shi. Ya shafa wannan gefe, ya shafa wancan. Shaddar ta sha bugu, ko'ina santsi ne, yatsa ba ya rabewa.

"Baba, ka bar mini," in ji Abdulsamad. "In na cika ta da aiki, aka sake buga ta, wallahi ko masu sayar da shadda sai sun sa ido sosai. Lahadin nan zai hau mota. A can garinsu wa ya san fuskar shadda?"

Uban ya ci gaba da shafa yadin.

"In ka je ka faɗa, kafin azahar kasuwa duka ta ji. Ka san bakin 'yan layin nan. Ba rigar za su riƙe ba, Baba, idonka za su riƙe."

"Wannan ce ta farko da na ɓata?"

Abdulsamad ya sunkuyar da kai.

"To," in ji Malam Sha'aban.

Ya ninke rigar a kan teburinsa, ninki huɗu, ya mayar da ita ledarta, ya gyara hularsa. Bai ce wa ɗansa taso ba, bai ce masa zauna ba. Ni ya ce wa, "Malam, yi gaba in bi farar rigarka. Cikin kasuwa yana yi mini wuya yanzu."

Wannan ne karo na farko da na ji ya faɗa da bakinsa. Na tashi na wuce gaba. Da muka kai kwanar masu manja na waiwaya, na ga Abdulsamad ya ja ƙofar shago yana biye da mu, taku biyar a bayan mahaifinsa.

Muka tarar da Baban Chidi a bakin shagonsa yana nuna wa ɗansa inda yake ajiye mabuɗai. Yana ganinmu ya ɗaga hannu biyu.

"Malam Tela! Har an gama? Chidi, zo ka ga telan da in ya ce Juma'a, Juma'ar wannan makon yake nufi. Yau ma Laraba ce ya kawo!"

"Ba a gama ba, Baban Chidi. Magana na zo da ita."

Ya dubi fuskokinmu, ya rage murya. "To mu shiga ciki."

"Nan ma ya isa."

Akwai mutane a wurin, masu sayen ƙusa biyu, da maƙwabcinsa mai siminti a kan kujera. Malam Sha'aban ya shimfiɗa rigar a kan kanta, ya ce, "Na ɓata maka shadda. Ni na yanka, da hannuna, na yanka ta baya. Idona bai gani ba. Ya daɗe ba ya gani sosai."

Ya yi masa bayanin fuska da baya da wurin aljihu, bai rage ba, bai ƙara ba. Baban Chidi ya sa tabarau, ya juya yadin nan, ya sake juyawa, ya kai shi hasken rana.

"Wallahi ni ban ga komai ba. Da ka yi shiru fa?"

"Da ba ka sani ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai dubi ɗansa ba. Ni na dube shi.

Baban Chidi ya zauna a kan gwangwanin fenti. Dariyar ta bar fuskarsa, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya taɓa shi. Ya ce tun ranar da aka ba shi shaddar nan yake ganin kansa yana sauka daga mota a garinsu cikin babbar riga, 'yan uwansa da suka ce ya ɓata rayuwarsa a Arewa su gani da idonsu yadda aka sallame shi. Malam Sha'aban ya ce yana da wata farar shadda a gida, Jannatu ce ta kawo masa bara, bai ɗinka ba, a karɓa a maimakon wannan.

"A'a. Waccan 'yarka ce ta ba ka. Wannan 'yan layinmu ne suka ba ni. Ita zan sa." Ya murza bakin yadin. "Wanne ne ainihin yadin, wanda mai saƙa ya yi don a gani?"

"Fuskar."

"To a sa fuskar a waje. Aljihu ya zauna inda ya samu wuri. Ni ma shekara talatin da takwas ina zaune a gefen da ba nawa ba, kuma na ji daɗin zaman." Ya juya ga Abdulsamad. "Kai, ɗan Malam, za ka iya juya aikin ya koma dama, ko sai na kira injiniya?"

"Zan iya, Baba."

"To ɗauki. Kada ka bar tsohon nan ya sake ratsa kasuwa saboda ni."

Kwana biyu Abdulsamad ya yi a kan rigar. Sai da ya sake zana aikin gaba ɗaya a juye, abin da hannunsa bai saba ba, yana yi yana gogewa. Ban taɓa ganin ya yi surfani mai kyan wannan ba. A cikin kwana biyun nan uban bai je kusa da teburin yanka ba. Ya zauna yana sa maɓallai a wasu riguna, aikin da yatsa ke iya yi shi kaɗai.

Ranar Asabar bayan la'asar aka kafa rumfa a gaban layin 'yan kayan gini, aka kawo shinkafa da lemo. Baban Chidi ya fito cikin rigar yana taku kamar hakimi, yana naɗe hannuwanta a kafaɗa yadda ya ga ana yi. Aka yi tafi. Sai Omolara, wata Bayarabiya mai sayar da tukwane wadda ba a raba ta da tsokana, ta ƙwala masa kira.

"Baban Chidi! Kai za ka ƙaura, ko aljihunka? Na ga ya riga ka tashi!"

Aka fashe da dariya. Wasu da ba su lura ba suka miƙe suna leƙe. Baban Chidi ya buɗe baki zai mayar mata, sai Malam Sha'aban ya miƙe daga kujerarsa, ya jira dariyar ta lafa.

"Ni na yanka," in ji shi. "Idona ne. Wanda ke da yadi a wurina, in yana so ya zo ya ɗauka, babu komai. Wanda ya bari, Abdul ne zai yanka daga yau."

Ya zauna. Omolara ta rufe baki da gyalenta. Baban Chidi ne ya ceci taron, ya zura hannun hagu a aljihun nan na dama ya ce shi dai ya ga amfaninsa, ɓarayin tasha sai sun yi ta lalube a hagu har mota ta tashi. Aka sake dariya, aka ci abinci. Washegari ya tafi.

Abin da Abdulsamad ya ji tsoro ya faru. Ranar Litinin da safe Alhaji Babakura, wanda ya shekara ashirin yana ɗinki a wurin, ya zo ya yi doguwar gaisuwa, ya jajanta, sannan ya ce yadinsa uku da ke nan, uwargida ta ce launin bai yi mata ba, zai mayar. Malam Sha'aban ya tashi ya bi kanta da hannu, ya zaro su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya yi kuskure ba, ya sa masa a leda, ya raka shi bakin ƙofa. Kafin mako ya ƙare rabin kantar ta zama wayam. Wasu sun zo da kansu, wasu aike suka yi don kunya. Waɗanda suka bari, in sun zo awo sai ka ga suna satar kallon dattijon, suna jira ya tashi ya karɓi tef daga hannun ɗansa. Ba ya tashi.

Ya dawo benci kusa da ni. Kwanakin farko hannuwansa ba su san inda za su zauna ba, yakan shafa gwiwa, ya taɓa bayan kunne, ya sauke. In ya ji ƙarar almakashi a kan teburin, sai ya daina magana har a gama. Hauwa ta ce tuwon da yake ci ya ragu. Jannatu ta zo daga Dambam ta kai shi asibiti, likita ya ce yanar ido ce, za a iya cire ta, aka sa rana bayan damina. Da muka taya shi murna ya ce Allah ya kai mu, bai ƙara ba.

Ban taɓa jin ya sake tayar wa ɗansa da tambayar da ya yi masa ranar Larabar nan ba. Suna gaisawa, suna cin abinci kwano ɗaya da rana, kamar kullum.

Wajen mako uku bayan tafiyar Baban Chidi, wata Juma'a da safe, aka yi sallama a ƙofar gidana. Na fito na tarar da Abdulsamad a tsugune a zaure. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafata, ya sake tambayar iyali. Na bar shi ya gama.

"Baba Malam, rigarka ta babbar Sallah, mai ruwan toka."

"Tana nan."

"Hannun hagu ya gaza na dama da yatsa uku. Na gani tun kafin in haɗa. Sai na ƙara kalmasa a na daman don kada a gane sosai. Ban gaya maka ba, ban gaya wa Baba ba."

"Shi ya aiko ka?"

"Bai san na fito ba. Gida huɗu zan je. Naka ne na biyu."

"Na farkon fa?"

Ya ɗan yi murmushi, idonsa a ƙasa. "Ya ce kada in ƙara taka masa ƙofar gida."

Na ce masa maganar rigar ba sabuwa ba ce a gidan nan. Tun wankin farko matata ta gani a kan igiya, ta kira ni ta nuna mini, na ce mata ai hannun nawa ne ɗaya ya fi ɗaya, ta ce shekara arba'in tana tare da ni ba ta lura ba sai yanzu. Na je Idi da ita, na je ɗaurin aure uku, babu wanda ya kore ni. Na ce ya bar ta haka. Ya ce in yi haƙuri in ba shi. Na shiga na ɗauko masa, ya sa ta a leda, ya wuce gida na uku.

Bayan an sauko daga masallaci na je shago. Malam Sha'aban yana kan benci, Abdulsamad yana ciki, rigata na rataye a jikin ƙusa kusa da ƙofa.

"Yau bai buɗe shago ba sai wajen sha ɗaya," in ji dattijon, ba da ƙarfi ba. "An ce an gan shi a unguwarku."

"Ya zo gaishe ni."

"Gaisuwa."

"Gaisuwa. Yaron yana da zumunci."

Iska ta kaɗa rigar ta taɓa masa kafaɗa, ya kai hannu ya kama bakinta. Ya ja hannun hagu, ya bi shi da yatsa daga kafaɗa har ƙasa. Ya ja na dama, ya bi, ya tsaya a kan kalmasar nan mai kauri, ya daɗe yana murza ta.

"Yankana ne," ya ce.

Keken ɗinkin da ke ciki ya tsaya.

"Abdul."

"Na'am, Baba."

"Saura gida nawa?"

"Na gama, Baba. Biyu sun ba ni, ɗaya ya ce a bar masa, ɗaya ya kore ni."

"Wanda ya kore ka, ka bari ya huce ka koma." Ya sauko da rigata daga ƙusa ya ɗora a cinyarsa. "Miƙo mini reza. Farke ɗinki ba ya bukatar ido. Kai ka ji da yankan mutane."

Abdulsamad ya kawo reza, ya durƙusa ya sa masa a hannu, ya koma teburin. Malam Sha'aban ya lalubo bakin kalmasar, ya fara tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, yana tara guntayen a gefen benci. Da ya yi nisa ya ce mini, ba tare da ya ɗago ba, in matsa kaɗan, na zauna masa a kan hannun riga.